Haraji da Ƙa'idojin Ƙaramar Sana'a ga Mazauna Ƙetare: Jagora Mataki-Mataki

Mafi yawan waɗanda suka kama sana'a a ƙasar da ba tasu ba, ba da shiri suka fara ba. Wani ya iya gyaran waya, sai abokan aiki suka riƙa kawo masa. Wata ta iya ɗinki, maƙwabta suka gani suka yaba. Wani kuma yana zaune a ɗakinsa yana tsara wa kamfanonin wata nahiya shafukan intanet, kuɗi na shigowa asusunsa ba tare da ya taka ko nan da can ba. Kafin a ankara abin ya zama hanyar abinci, alhali ba a tambayi kowa ba, ba a kuma rubuta komai ba.

Ɗan ƙasa in ya yi haka aka gano shi, galibi tara zai biya ya ci gaba da harkokinsa. Baƙo kuwa abin da zai iya rasawa ya wuce kuɗi. Takardar zamansa ce, da karatun 'ya'yansa, da shekarun da ya kwashe yana jiran izinin zama na dindindin. Shi ya sa nake ganin bai kamata baƙo ya koyi sha'anin haraji daga bakin ɗan ƙasa kaɗai ba, komai amincinsu, don dokar da ke kansu ba ɗaya ba ce.

Matakan nan a jere suke, kuma jerin na da muhimmanci: wanda ya yi na huɗu kafin na farko zai iya kai ƙarar kansa da hannunsa. Ƙasashen da zan ambata misalai ne na yadda tsarin ke aiki. Alƙaluman kuɗi kuwa gwamnatoci kan taɓa su lokacin kasafi, don haka ka duba na shekarar da kake ciki a shafin hukumar harajin inda kake.

Mataki na 1: Me takardar zamanka ta yarje maka?

Ɗauko katin zamanka ko wasiƙar da aka ba ka biza da ita, ka bi sharuɗɗan layi-layi. Izinin zama daban, izinin yi wa wani aiki daban, izinin yin sana'ar kanka ma daban. A Birtaniya ɗalibin jami'a mai bizar karatu yana iya yi wa wani aiki har awa 20 a mako lokacin da makaranta ke ci, amma an hana shi sana'ar kansa ɗungurungum. Aikin kanti na albashi ya halatta masa, amma in ya ɗauki hoton biki aka biya shi a matsayin mai zaman kansa, ya karya sharaɗin biza ko da sau ɗaya ne. A Amurka mai bizar ɗalibi ta F-1 ba ya aiki a wajen makaranta sai da izini na musamman, mai bizar ziyara kuwa ba ya aiki sam. A Jamus ana rubuta wa baƙo a takardar zamansa ko an yarje masa sana'ar kai, kuma wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba da ke son zama don kasuwanci, sashe na 21 na dokar zaman baƙi ne ke magana a kansa.

Wasu ƙasashen ma sun keɓe wa 'yan ƙasa wasu sana'o'i. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta hana baƙi ƙananan saye da sayarwa a kasuwa, da talla, da buɗe shagon aski ko na gyaran gashi, ta kuma ɗora wa baƙon da ke son harkar saye da sayarwa jarin dala miliyan 1 da ɗaukar 'yan ƙasa 20 aiki.

A irin wannan wuri ne mutane ke faɗawa tarkon da ya fi kowanne muni, wato a buɗe shago da sunan ɗan ƙasa, jari da wahala na baƙo. Saudiyya na kiran wannan tasattur, hukuncinsa kuma yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, kuma ya shafi mai aron suna da mai bayarwa. Ko a inda doka ba ta kai haka zafi ba, ina roƙonka ka guje shi. Ranar da kuka saɓa, ko Allah ya yi masa rasuwa magada suka zo da takardun shago a hannu, ba ka da ta cewa, don zuwa kotu ma tona wa kanka asiri ne.

Kar kuma ka ɗauka biyan haraji zai wanke sana'ar da biza ta hana. Hukumar haraji za ta karɓi kuɗinka hannu biyu, amma ba ita ke ba da izinin aiki ba. In takardarka ba ta yarje ba, ka nemi a sauya ta tukuna, ko ka dakata.

Mataki na 2: Wace ƙasa ce ke ɗaukar ka mazauninta ta fuskar haraji?

Wannan ita ce tambayar da duk sauran suka rataya a kanta, kuma fasfo ba ya amsa ta. Kowace ƙasa na da ma'auninta. Da zarar ka shiga sahun mazauna, yawancin ƙasashe za su nemi ka bayyana duk abin da ka samu a faɗin duniya: ribar sana'arka ta nan, kuɗin hayar gidan da ka baro a can, da abin da wani kamfani ya turo maka daga ƙasa ta uku. Wanda bai shiga sahun ba, abin da ya samu a cikin ƙasar kaɗai ake taɓawa.

Kowa ya ji labarin kwana 183, kuma gaskiya ne ƙasashe da yawa na aiki da shi. Inda ake kuskure shi ne a juya maganar, a ce duk wanda bai cika 183 ba ya tsira. Birtaniya tun 2013 tana da gwajinta a rubuce. Kwana 183 a shekarar haraji, wadda ke farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu mai zuwa, yana mai da mutum mazauni kai tsaye. Ƙasa da haka kuma sai a duba abubuwan da suka ɗaure shi da ƙasar: iyali, wurin kwana, aiki, da yawan zuwansa a shekarun baya. Wanda bai daɗe da barin ƙasar ba, kuma waɗannan abubuwa suka yi masa yawa, kwana 16 ma na iya isa. A Jamus ba sai an ƙirga kwana ba. Samun gidan da makullinsa ke hannunka, kana iya shiga duk sa'ad da ka so, ya isa.

Amurka kuwa lissafi take yi na shekara uku. Ana ɗaukar duk kwanakin da ka yi a bana, a haɗa da ɗaya bisa uku na bara, da ɗaya bisa shida na bara waccan. In jimla ta kai 183, kuma ka yi aƙalla kwana 31 a bana, ka shiga. Mai zuwa kwana 120 duk shekara zai sami 120 da 40 da 20, wato 180, bai shiga ba. Mai yin kwana 130 duk shekara zai sami 195, ya shiga, alhali bai taɓa yin wata biyar a shekara ɗaya ba. Ɗalibai na da sassauci na wasu shekaru, mai katin zama na dindindin kuwa mazauni ne ko da yana waje.

Masu aiki ta intanet su saurara da kyau. Sau da yawa za ka ji mutum na cewa ai abokan cinikinsa ba nan suke ba, kuɗin ma asusun wata ƙasa suke shiga. Wannan ba hujja ba ce. Ga aikin hannu da na ƙwaƙwalwa, ƙa'idar da aka fi bi ita ce inda jikinka yake lokacin da kake aikin, nan ne tushen kuɗin. In kana zaune a Madrid kana yi wa kamfanin Kanada aiki, Sifaniya ce ke da haƙƙin farko a kan abin da ka samu, ko da kuɗin ba su taɓa shiga bankin Sifaniya ba.

Abin yi a nan ba shi da wuya. Buɗe ɗan littafi ko shafi a waya, ka riƙa rubuta ranar shiga da ranar fita daga kowace ƙasa, ka ajiye tikitin jirgi. Filayen jirgi da dama sun daina buga hatimi a fasfo, kuma ranar da aka tambaye ka, kai za ka kawo shaida. Sannan ka nemi takardar shaidar zama mazaunin haraji daga hukumar ƙasar da kake. Ita ce shaidarka in ƙasa biyu suka ce kai nasu ne, kamar yadda za mu gani a mataki na gaba.

Mataki na 3: Ka daidaita da ƙasar da ka baro

Hawa jirgi ba ya yanke alaƙar haraji. Kanada, alal misali, tana duba ko ka bar gida, ko mata ko miji, ko 'ya'ya a ƙasar. In ka bari, tana iya ci gaba da ɗaukar ka mazauninta. Birtaniya na da fom na musamman, P85, na sanar da hukumar harajinta, HMRC, cewa mutum ya tashi. Ka bincika yadda ake sanarwa a taka ƙasar, ka yi shi a rubuce.

Yana yiwuwa ƙasa biyu su ce kai nasu ne a shekara ɗaya. A nan ne yarjejeniyar kauce wa biyan haraji sau biyu ke aiki, in akwai ta tsakaninsu. Yawancin irin waɗannan yarjejeniyoyi sun bi tsarin ƙungiyar haɗin kan tattalin arzikin ƙasashe ta OECD ko na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma suna raba gardama da tambayoyi a jere. A ina kake da gida na dindindin? In kana da shi a duka biyun, ina ne rayuwarka ta fi karkata, wato iyali da dukiya da sana'a? In wannan bai raba ba, ina ka fi zama? In har yanzu da saura, ɗan wace ƙasa ne kai? In duk sun gaza, hukumomin biyu su zauna su sasanta. Ana tsayawa a tambayar farko da ta ba da amsa.

Kar a fahimci yarjejeniyar a matsayin yafiya. Abin da take yi galibi shi ne a cire maka abin da ka riga ka biya a can daga abin da ake bin ka a nan. A ce hayar gidanka a ƙasar da ka baro an caje ta harajin 1,000, ƙasar da kake zaune kuma lissafinta a kan wannan haya 1,500 ne. Za ka nuna shaidar biyan 1,000, ka cika 500. A ƙarshe dai mafi yawan biyun ka biya. Kuma ba a yi maka wannan ragi sai ka nema da kanka, da rasit a hannu. Haka nan wasu ƙasashe na yanke haraji tun kafin kuɗi su fito: Amurka na cire kashi 30 cikin 100 daga wasu kuɗaɗen da ake biyan baƙi, irin su kuɗin haƙƙin mallaka, sai in mutum ya cika fom W-8BEN ya nuna akwai yarjejeniyar da ta rage masa.

Masu fasfon Amurka nasu ya fita daban, har da wanda aka haifa a can aka taho da shi yana jinjiri. Amurka na bin 'yan ƙasarta da haraji duk inda suke. Eritiriya ma na karɓar kashi 2 cikin 100 daga 'yan ƙasarta na waje. Ba'amurke mazaunin ƙetare yana iya cire har dala 130,000 na abin da ya samu da guminsa a 2025 daga lissafi, in ya cika sharaɗi, misali kwana 330 cikakku a waje cikin wata 12. Amma mai sana'ar kansa ya sani cewa wannan ragi bai shafi harajin masu zaman kansu na kashi 15.3 cikin 100 ba, wanda ke hawa daga ribar dala 400, sai in ƙasar da yake tana da yarjejeniyar fansho da Amurka. Kuma in kuɗin da ke duk asusunsa na waje suka haura dala 10,000 a haɗe, ko na yini ɗaya ne, dole ya cika rahoton FBAR, wato na bayyana wa Amurka asusun waje.

Mataki na 4: Zaɓi siffar sana'ar, ka yi rajista

Hanya biyu ce a gabanka kusan ko'ina: ka yi sana'a da sunanka, ko ka kafa kamfani. Da sunanka ya fi sauƙi da araha, sai dai bashin sana'a bashinka ne, ana iya bin ka har dukiyar gida. Kamfani yana raba dukiyarka da tasa, amma yana zuwa da rahoton shekara-shekara, da kuɗin akanta, da harajinsa na kansa. A ganina mai ƙaramar sana'a ya fara da sunansa, sai in aikin na da haɗarin da za a iya kai shi ƙara a kan kuɗi masu yawa, ko zai ɗauki ma'aikata, ko manyan abokan ciniki sun ce sai da kamfani.

A Birtaniya wanda cinikinsa bai wuce fam 1,000 a shekara ba, ba sai ya yi rajista ba. In ya wuce, ya sanar da HMRC kafin 5 ga Oktoba da ke bin ƙarshen shekarar harajin, a ba shi lambarsa mai alƙaluma 10. A Jamus ana raba masu sana'ar ilimi, irin su likita, lauya, mai fassara da ɗan jarida, da 'yan kasuwa. Na farko ofishin haraji kawai za su sanar, na biyu sai sun yi rajista a ofishin kasuwanci na garinsu, kuma harajin kasuwanci na hawa kan ribar da ta haura yuro 24,500. Faransa na da tsari mai sauƙi ga ƙananan masu sana'a, inda ake biyan URSSAF, hukumar karɓar gudummawar fansho da inshorar lafiya, wani kaso na ciniki duk wata ko duk wata uku. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba ta karɓar haraji a kan albashi, amma sana'a sai da lasisi, kuma tun Yunin 2023 akwai harajin kashi 9 cikin 100 a kan ribar da ta haura dirhami 375,000. Mai sana'a da sunansa yana shiga ne in cinikinsa ya wuce dirhami miliyan 1 a shekara. Abinci, ɗaukar fasinja, renon yara da harkar lafiya kuwa kusan ko'ina suna buƙatar izini na daban a kan rajista.

Za ka ci karo da masu tallar cewa ka buɗe kamfani a wata ƙasa mai sauƙin haraji ta intanet, ka huta. Ka yi hattara. Ƙasashe da yawa na ɗaukar kamfani nasu ne in daga cikinsu ake tafiyar da shi, kai kuwa a ɗakinka kake yanke duk shawararsa. Katin zama na intanet da Istoniya ke bayarwa tun 2014 yana ba da damar kafa kamfani daga nesa, amma ba izinin zama ba ne, kuma ba ya sauya ƙasar harajinka. Baƙon da ya buɗe kamfanin LLC, wato mai raba dukiyarsa da ta mai shi, shi kaɗai a Amurka kuwa, akwai fom 5472 da ke kansa, tarar rashin cika shi dala 25,000 ce, ko da ba a bin sa harajin sisi. Masu tallar ba su cika faɗin wannan ba.

Mataki na 5: Ka sa ido a kan harajin VAT

Wannan haraji ba naka ba ne, na mai saye ne, kai mai karɓa ne kawai a madadin gwamnati. Birtaniya kashi 20 cikin 100, Jamus 19, Saudiyya 15, Daular Larabawa 5. Ƙananan masu sana'a ba a tilasta musu shiga sai cinikinsu ya kai wani mizani: fam 90,000 a Birtaniya tun Afrilun 2024, dalar Kanada 30,000 a Kanada, dirhami 375,000 a Daular Larabawa. A Jamus daga 2025 wanda cinikinsa na bara bai wuce yuro 25,000 ba, na bana kuma bai haura 100,000 ba, yana iya zama a wajen tsarin.

Ka lura, ciniki ake aunawa, ba riba ba. Mai sayar da wayoyi da ke cin fam 20 a kan kowace waya ta fam 300 zai tsallake mizani da waya 301, alhali ribarsa ba ta wuce fam dubu shida da 'yan kai ba. A Birtaniya kuma ba shekarar kalanda ake bi ba. Ƙarshen kowane wata za ka waiwaya wata 12 baya ka haɗa. Wanda ya wuce mizani bai yi rajista ba, hukuma za ta lissafa harajin daga ranar da ya kamata ya shiga. Masu sayen sun daɗe da tafiya, sai ya biya daga aljihunsa: a kowace fam 120 da ya karɓa, fam 20 ta gwamnati ce. Sana'o'i da yawa masu ƙaramar riba a nan suke durƙushewa.

Mai sayar wa mutane kaya ko manhaja a wasu ƙasashen Tarayyar Turai daga cikinta, da zarar wannan ciniki ya haura yuro 10,000 a shekara, harajin ƙasar mai saye zai caja. Tun Yulin 2021 akwai tsarin OSS da ke ba shi damar biyan duka a wuri guda.

Mataki na 6: Raba kuɗi, ajiye shaida, ware na haraji

Buɗe asusu na sana'a kaɗai, ko da doka ba ta tilasta ba. Kar ka bari 'yan'uwa da abokai su riƙa bi ta asusunka da kuɗinsu. Taimako ne a wurinka, amma mai binciken haraji da ya ga kuɗi sun shigo zai ɗauka ciniki ne, kuma kai za ka tabbatar masa ba haka ba ne. Banki ma na iya rufe asusun ba tare da dogon bayani ba. Kuɗin da kake tura wa iyali gida kuwa ba ya cikin abin da ake cirewa daga riba, daga abin da ya rage bayan haraji yake fita.

Duk wanda ka yi wa aiki ka ba shi takardar neman biya mai lamba a jere, da kwanan wata, da sunanka da lambar harajinka. Duk abin da ka saya don sana'a ka riƙe rasit, ka ɗauki hotonsa nan take. Wannan siririyar takarda da injin kanti ke fitarwa, in ta kwana biyu a walat ko a gaban mota rana na dukanta, sai ka ɗauko ka tarar fara fat, ba ko harafi. In an biya ka da kuɗin wata ƙasa, rubuta farashin canji na ranar. Birtaniya na son mai sana'a ya ajiye takardunsa aƙalla shekara 5 bayan wa'adin miƙa rahoto. Wasu ƙasashen sun fi haka.

Daga kowane kuɗin da ya shigo, tura wani kaso wani asusu da ba ka taɓawa. Kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na riba mafari ne mai kyau har ka ga lissafin shekarar farko. Dalili kuwa, ban da harajin kansa, akwai gudummawar fansho da inshorar lafiya da ma'aikaci ke rabawa da mai gidansa, kai kuwa kai kaɗai za ka ɗauka. A Jamus inshorar lafiya dole ce ga kowane mazauni, kuma wanda ya yi sakaci ana bin sa bashin watannin baya.

Mataki na 7: Ranakun miƙa rahoto

Rubuta su inda za ka gani. Birtaniya 31 ga Janairu ga masu cikawa ta intanet, tarar makara kuma fam 100 ce daga ranar farko, ko da ba a bin ka komai. Amurka 15 ga Afrilu, mazauna waje an ƙara musu zuwa 15 ga Yuni, amma kuɗin ruwa kan abin da ba a biya ba tun Afrilu yake fara hawa. Kanada mai sana'ar kansa na da har 15 ga Yuni ya miƙa, amma biya 30 ga Afrilu ne.

Shekarar farko na da wani abin mamaki da ya kamata ka shirya masa. Ƙasashe da dama na karɓar harajin gaba tun kafin shekara ta ƙare. A Birtaniya in harajinka na farko ya kama fam 3,000, ranar 31 ga Janairu fam 4,500 za ka biya, don an haɗa da rabin na shekara mai zuwa, sai wata 1,500 ranar 31 ga Yuli.

Ka bayyana asusunka da kuɗin shigarka na waje yadda fom ya tambaya. Tun 2017 ƙasashe suka fara musayar bayanan asusun banki a ƙarƙashin tsarin CRS, yanzu sun haura 100. Dandalin saye da sayarwa na intanet ma a Tarayyar Turai tun 2023 suna miƙa wa hukumomi bayanan wanda ya yi ciniki 30 ko ya haura yuro 2,000 a shekara. Kuma abin da ka faɗa wa hukumar haraji ya zama shi ne ka faɗa wa hukumar shige da fice. A 2018 ya fito fili cewa an hana ƙwararrun baƙi da dama zaman dindindin a Birtaniya saboda kuɗin shigar da suka rubuta a neman biza ya saɓa da wanda suka rubuta a haraji. Fom ɗin neman zama ɗan Amurka ma yana tambaya ko ana bin mutum haraji.

In kana karanta wannan alhali ka riga ka yi shekaru kana sana'a shiru, kar tsoro ya sa ka ƙara wata shekara. Kusan ko'ina wanda ya kai kansa yana samun sassaucin da wanda aka kamo ba ya samu. Tattara bayanan banki, ka nemi akanta mai lasisi wanda ya saba da sha'anin baƙi. In matsalar ta taɓa sharaɗin biza, ka fara ganin lauyan shige da fice kafin ka aika wa kowace hukuma komai. Wasiƙar hukuma kuma in ta zo, a buɗe ta ranar da ta zo, don kwanakin ɗaukaka ƙara sukan fara ƙirguwa daga kwanan watan da ke jikinta.

Mataki na 8: In za ka bar ƙasar

Rufe sana'a a hukumance kamar yadda ka buɗe ta. Soke rajistar kasuwanci da ta VAT, sanar da inshora da hukumar fansho, ka cire sunanka daga rajistar mazauna in ƙasar na da ita, kamar Jamus. Wanda ya tafi bai soke ba, hukuma na ci gaba da jiran rahotonsa, tara na taruwa da sunansa, sai ranar da ya nemi biza ya dawo ya ji labari.

Tambayi ko ƙasar na da harajin fita. Kanada na ɗaukar wasu kadarorin mai tashi, irin su hannun jari, tamkar ya sayar da su ranar da ya bar ƙasar, ta caji ribar. Birtaniya kuma in mutum ya dawo cikin shekara 5, tana iya waiwayar wasu ribar da ya ci yana waje. In za ka fita da tsabar kuɗi, yuro 10,000 zuwa sama a iyakar Tarayyar Turai, ko sama da dala 10,000 a Amurka, dole ka bayyana wa kwastan.

Rahoton ƙarshe yakan zo watanni bayan ka tashi. Saboda haka kar ka rufe asusun bankinka na can sai an gama, don nan za a mayar maka da rarar da ka biya in akwai. Ka ba hukuma sabon adireshinka, ka sauke kwafin duk rahotanninka na baya, ka kuma sauya lambar wayar da ake turo maka lambar sirri ta shiga shafin haraji kafin tsohon layin ya mutu.